Na Ga Ƙishirwar, Na Yi Shiru

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta da magani duk a hannunsa suke. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ce Kulu ta Ruwan Gizo. Ban iya rubutu ba, na allo ko na boko. Autata Rabi, wadda ke karantar da matan aure a Talata Mafara, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, kada kuma ta rage inda laifina yake. In kun ga zance ya yanke, kuka ne ya zo, muka jira ya wuce.

Jinyar ɗana na fari zan ba ku labari. Yau wata bakwai da muka rasa shi. Na-Damri muke ce masa, don tun daga yaye Gwaggo Tumba, ƙanwar mijina, ta ɗauke shi ta riƙe a Damri. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, kun ga kunya ta zama biyu. Shekara arba'in da takwas ya yi a duniya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. In ya zo gaisuwa ranar Juma'a, yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni in juya gefe ina tsince wake ko ina gyaran tsintsiya, in amsa kamar da bango nake. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, kuma da haka ake yabon mace a wurinmu.

Ni da mijina Malam 'ya'yan wa da ƙane ne, kakanmu ɗaya. Gidanmu kuwa yana da suna a gari, gidan masu tulu. Duk namijin da ya manyanta a cikinsa sai ka ga an kafa masa tulu a inda yake zama, yana sha yana zagayawa bayan gida. A bakin rijiya mata kan tsokane ni.

"Kulu, ke kam aurenki jan ruwa ne. Guga nawa yau?"

"Ku bar ni," nakan ce, "gidan da ake shan ruwa ai ba ya rasa albarka."

Dariya muke yi. Mun ɗauka halin gida ne, kamar tsawo ko wushirya. Surukina ya sha ruwansa har idonsa ya rufe, aka ce tsufa. Mahaifina ya rasu da kumburin ƙafa, aka ce sanyi. Malam, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya rame har rigarsa ta zama kamar an rataye a ƙusa, wani ƙurji ya fito masa a diddige ya ƙi warkewa, ya tafi a cikin damina. Ni na yi jinyarsa. Ni na riƙa share kiyashin da ke taruwa inda ya yi fitsari, ban san abin da suke nema ba. Bayan rasuwarsa ne wata unguwarzoma da ta yi aiki a asibiti ta ce mini, "Inna, wanga abu ya yi kama da ciwon suga. Ki sa ido a kan ɗiyanki." Na riƙe maganar a ciki, ban gaya wa kowa ba.

Shekara uku kafin rasuwar Na-Damri, wata Juma'a ya zo gaisuwa. Ta gefen ido na ga ya shanye kwarya cike, ya sake ɗiba, ya sake. Wuyansa ya yi tsawo. Ya zagaya bayan gida, da ya tafi na bi na duba. Kafin la'asar kiyashi sun yi baƙi a wurin. Na zauna a kan turmi.

Nan ne zan faɗi laifina. Ban kira shi ba. Matarsa Dije na aika wa, na ce, "Ki gaya wa mutanen Damri su je asibiti a duba jini." Dije yarinyar kirki ce, amma ita ma tana jin nauyinsa, ba ta kuma san abin da na sani ba. Abin da ya isa kunnensa shi ne, Inna ta ce ka riƙa kula da jikinka. Ya yi dariya ya ce, "Halin gida ne. Ciwon suga na alhazan birni ne masu tumbi. Ni da nake wuni cikin ruwa a gonar dam ta Bakolori, ina na ga ƙibar?"

Gaskiya ne, siriri ne kamar kara. Shinkafa da albasa yake nomawa, rani da damina ba ya zama. Na sake aikawa ta bakin ƙanensa Garba, ta bakin Rabi. Rabi ta dawo ta tsaya a kaina.

"Inna, ki faɗa masa da bakinki. Wallahi in ke kika ce, gobe yana asibiti."

"Ni? So kike a ce Kulu ta tsufa ta zubar da kunya?"

"Kunya ko ɗa, Inna?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki sassauta. Na kore ki, kuma ke ce da gaskiya.

Haka shekara uku suka wuce. Duk Juma'a yana zuwa, ina ƙirga kwaryar da ya sha, ina juya baya.

Ciwon ƙafar ya fara ne lokacin dashen shinkafa. Wani abu ya yanke shi a tafin ƙafa cikin laka, ƙarfe ne ko kwalba, bai sani ba, don bai ji zafi ba ko kaɗan. Dije ce ta ga jini a tabarma bayan ya idar da sallar magariba. A makon farko aka wanke da ruwan gishiri, aka ɗaure da tsumma, ya koma gona. Ya ce wurin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, dashe kuwa ba ya jira.

Mako na biyu ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Gwaggo Tumba ta tare a gidansa da ƙullin magunguna. Ita ta raine shi, kuma Allah ya sani tana son sa kamar ranta, ban ƙullace ta ba. Ta ga ya rame, ta ce yunwa ce. Safe da yamma tana dama masa fura mai kauri da zuma, ta sa a sayo lemon kwalba don ya samu ƙarfi. Masu dubiya kowa da nasa. Wani ya ce garahuni, wani ya ce saiwar kaza, wani ya kawo garin da ake barbaɗawa. Da abin ya ƙi, sai aka tuna ya taɓa sa-in-sa da maƙwabcin gonarsa a kan wanda zai fara sakin ruwa, aka ce sammu ne aka binne masa ya taka. Bawan Allah nan da ya ji, ya zo har gida yana rantsuwa yana hawaye. Ina neman gafararsa a madadin gidanmu.

Duk wannan ina Ruwan Gizo, labari ake kawo mini. Uwa ba ta rugawa dubiyar ɗan fari, sai a ce ta yi rawar jiki. Sai a mako na uku na je, na fake da cewa jikokina na zo gani. Tun daga zaure na ji warin. Na san shi. Shi ne warin ɗakin Malam a ƙarshen kwanakinsa. Na shiga tsakar gida na ce da Garba, da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji, "Gobe a kai shi asibiti, ko in kai shi a bayana." Gwaggo ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Ranar Talata ce, ranar kasuwa, mota cike da buhuna da awaki. Muka isa Mafara da hantsi. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban. Ba wurin zama, ya jingina da bango ya miƙe ƙafar, mutane na matsawa saboda wari, shi yana sunkuyar da kai. Sai bayan azahar aka kira mu. Na yi ƙorafin wannan jira, amma da na ga likita ɗaya da jama'ar da ke bakin ƙofarsa, na rasa wanda zan yi wa faɗan.

Aka huda masa yatsa, aka ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke. Likitan, yaro ne a idona amma mai natsuwa, ya dubi abin ya daɗe. Ya kwance ƙafar ya gani. Sannan ya ce, "Akwai wanda ya taɓa irin wannan a gidanku?"

Garba ya ce babu, ba a taɓa cewa kowa na da suga ba. Ni ina gefe na ja mayafi. Sai na ji bakina na cewa, "Akwai." Na lissafa masa surukina, mahaifina, Malam, da tulunansu, da kiyashin. Ya tambayi dangantakata da Malam, na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya juya ga ɗana.

"Kai manomi ne, bari in yi maka da yarenka. Ka san gonar kwari da gonar tudu. Ruwan sama ɗaya zai sauka, ta tudu ta shanye, ta kwari ta cika har shuka ta ruɓe. Jikin mutane haka yake da wannan ciwo. Ba ciwon kansa ake gada ba, kwarin ake gada. Wani ya yi ƙiba ya sha zaƙi har tsufa bai kamu ba, wani siriri kamarka ya kamu. Kai ta wajen uwa da ta wajen uba duk jini ɗaya ne, kwarin ya haɗu. Mai irin gonar nan, tun ruwa bai zo ba yake yanka masa hanya."

Daga nan ya juyo gare ni. "Mama, tun yaushe kika fara ganin alamun a jikinsa?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce, "Shekara uku."

Likita ya ajiye biro. Ɗana ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo.

"Inna, kin sani?"

Likita ya buɗe baki zai yi magana, sai ɗana ya riga shi.

"Likita, kada ka ga laifinta. Ɗan fari ne ni. Kuma ta aiko, ni ne ban ji ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Aka ba shi gado. Daga ranar na ajiye kunya a bakin ƙofar asibiti, amma na ajiye ta bayan ta gama ɓarnarta. Na ce Dije ta koma wurin yara, Gwaggo ta huta, ni zan zauna. Mako na huɗu da na biyar allura safe da yamma, ƙarin ruwa, wankin ciwo kullum. Wata malamar asibiti, baƙa doguwa, ba 'yar ƙasarmu ba ce, Hausarta ma a karye, ita ke wanke ƙafar ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ta koya mini abin da zan ba shi da abin da zan hana. Allah ya saka mata, ya raya mata zuriya. Aka hana fura da zuma, aka rage shinkafa, shi da ya noma ta. Yakan dubi ɗan tuwon da na miƙa masa da ganye ya ce, "Inna, wanga ai abincin akuya ne." In ce, "A ci dai." Matan da ke jinya a gefenmu suna ƙus-ƙus, wai ga tsohuwa na ba ɗan fari abinci a baki. Na ji su. Ban ko waiwaya ba.

Magani ba kyauta ba ne. Albasar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja, Garba ya kwashe ta ya sayar a farashin da aka samu.

Mako na shida aka cire yatsu biyu. Baƙin bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa. Aka tura mu Sakkwato. Can suka ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba gubar za ta shiga jini. Gwaggo Tumba ta biyo mu tana kuka, ta ce ba ta yarda ba, a bar shi ya koma wa Ubangijinsa cikakke yadda ya zo. Dangi suka rabu biyu, aka kwana huɗu ana ja, takarda na jiran sa hannu. Kwana huɗun nan ma ina lissafa su cikin abin da muka yi asara. A rana ta biyar ɗana ya sa kowa ya fita, ya bar ni kaɗai.

"Inna, mi kika ce?"

A rayuwata ba a taɓa tambayata kai tsaye a kan al'amarinsa ba. Na ce, "A yanke. Ƙafa ba ta kai rai ba."

"To, a yanke."

Kun gani? Kalma ɗaya. Da na faɗe ta shekara uku baya, haka zai amsa.

Aka yi aiki lafiya. Muka dawo gida bayan mako uku, kuma wata biyu muka samu na sauƙi, waɗanda har in mutu ina gode wa Allah a kansu. Na tare a gidansa. Ya koyi tafiya da sanduna, ana ɗaukarsa a mashin zuwa Bakolori ya zauna a kan kunyar gona yana nuna wa ma'aikata inda za su saki ruwa. Da yamma mukan zauna a tsakar gida mu yi hira, ni da shi, kamar waɗanda suka daɗe ba su haɗu ba. A nan na san yana son ɗanwake, yana tsoron ƙadangare tun yana yaro. Uwa ce ni, amma a wata biyun nan na san ɗana.

Wata rana yana tsokanata ya ce, "Inna, anya kuwa kin san sunana? Ko Na-Damrin aka raɗa mini?"

Dije ta fashe da dariya a bakin murhu. Ni na ja mayafi na ce, "Kai dai ba ka da ta ido." Sunan ya zo har kan harshena. Na ce a raina, bari sai wata rana, in ba kowa.

Sai fuska ta fara kumbura, fitsarin da a da ba ya tsayawa ya koma kaɗan. Muka koma Sakkwato. Suka ce ƙoda ce, sugan ya daɗe yana cinta a ɓoye tun kafin ƙafa. Aka fara wankin ƙoda, injin na jan jininsa yana mayarwa, in an gama ya fito kamar an matse tsumma. Shanun huɗa suka tafi a kuɗin magani. Da Garba ya kawo zancen sayar da gonar Bakolori, sai ɗana ya ɗaga hannu.

"Gonar ta marayu ce. Kada a taɓa. Ku kai ni gida."

Na roƙe shi, ya ce, "Inna, wannan karon ki bar ni in ƙi ji." Muka dawo. Kwana tara ya yi. Ranar Laraba bayan la'asar, kansa na kan cinyata, ya nemi ruwa. Na ba shi a cokali, ya sha kaɗan, ya yi kalmar shahada. Gwaggo na riƙe da hannunsa ɗaya. Na sunkuya zan kira shi, sai na ga mutane cike da ɗaki, na dakata. Kafin in sake buɗe baki ya tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma Allah da ya saukar da cuta ya ba mu baki.

Bayan sadakar arba'in na tara gidan gaba ɗaya, na ce kowa asibiti. Garba ya fara cewa shi lafiyarsa lau, na kira shi da sunansa na ce ya shiga mota. Aka huda mu ɗaya bayan ɗaya. Ni da na tsufa, ga jiki, ga son zaƙi, aka ce ba ni da shi. Garba ba shi da shi. Rabi, wadda ke rubutun nan, aka ce nata ya fara ɗagawa. Gwaggo Tumba kuwa ashe ta daɗe da shi, idonta da ke hazo ba tsufa ba ne kaɗai. Na tambayi likita yadda ciki ɗaya zai haifi uku, wani ya ɗauka wani ya tsira. Ya ce gadon jini ba kamar gadon gona ba ne da alƙali ke rabawa da igiya, kowa da abin da ya faɗo masa, kuma ba a ganewa a fuska, sai an gwada. Ya ce wanda aka ce ba shi da shi yau ma ya riƙa dawowa duk shekara. Rabi yanzu tana shan magani, ta rage tuwon shinkafa, tana zuwa makaranta a ƙafa. Jikokina biyar da ya bari, na gaya wa Dije a gabansu, in sun girma kada a ɓoye musu abin da ya kashe ubansu da kakansu. Tulun Malam da na ajiye shekara goma sha ɗaya ina tunawa da shi, na sa an fitar da shi daga ɗakina.

Ban ce a bar auren zumunci ba, ni ma a cikinsa na ga alheri. Ban ce a bar kunya ba, ado ce. Abin da nake cewa, in a gidanku akwai wanda ya yi yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ya rame ba dalili, ko ciwo ya ƙi warkewa a ƙafarsa, ku tambayi tsofaffi yadda na baya suka tafi, ku je a gwada ku tun kuna ganin kanku lafiya. Ku kuma 'yan'uwana mata na Mafara da Bakura da Maradun, in kun ga abu a jikin ɗan fari, kada ku aika. Saƙo yana ragewa a hanya.

Rabi ta ce takarda ta kusa cika, wai me za ta sa a ƙarshe, addu'a ko godiya. Ki sa duka. Allah ya saka wa duk wanda ya zo dubiya, ya ba marasa lafiya lafiya. Amma masu karantawa za su so yi masa addu'a, kuma ba a roƙa wa mamaci gafara da sunan gari.

Daina kuka ki riƙe biron da kyau. Ba ke za ki faɗa ba, ni zan faɗa, ke ki rubuta.

Usmanu. Sunansa Usmanu, ɗana ne, ni na haife shi. Allah ya jiƙan Usmanu.